Gayyar Mashigin Ɗinya

Ku matso kusa. Ladidi, ki daina taunar gyaɗar nan kamar ɓera. Wanda ya san zai yi fitsarin kwance ya tashi tun yanzu.

Kun san Mashigin Ɗinya, inda hanyar garin nan ta ratsa kwari. Duk damina sai ruwa ya kwaso yashi da kara da sharar da muke zubawa a lambatu, ya cushe bakin kwalbatin, ya bi ta saman hanya. Daga nan ko keke ba ya wucewa. Mu kuwa ba ma jiran hukuma. Sarkin gayya ne ke sa a yi shela, gari na wayewa a fita da shebur da kwanduna da buhunan yashi. Kuma ba mai taɓa laka sai ya tsaya bakin kwalbatin ya yi sallama sau uku, an ɗan jira. Wai don waɗanda suka fake a ciki su samu su fita.

Shekarar da za a haife ni, aka kwana ana ruwa har hantsi. Inna kuma kwananta biyu tana naƙuda. Ungozoma ta fito ta ce wa babana, wato baffanku Ilu, "Abin ya fi ƙarfina. Sai asibiti."

Mota na nan, direba na nan, hanya ce babu. Baba ya je wurin sarkin gayya, aka ce sai gobe, ruwa bai janye ba. Baba kuwa, Allah ya jiƙansa, ba a ce masa gobe. Ya saɓi shebur ya tafi shi kaɗai da rana tsaka, hadari ya rufe gari kamar magariba.

Bai yi sallama ba. Ya ce ko tunawa bai yi ba, nishin Inna ne kawai a kunnensa.

Yana haƙa, laka na komawa. Ya kwashe shebur goma, ruwa ya mayar da ashirin. Nan ya fara hawaye, shi da ko ranar mutuwar ubansa ba a ga hawayensa ba.

Sai kwaɗi suka yi tsit. Gaba ɗaya.

"Sannu da aiki."

Wani tsoho ne a bayansa, da kwando a ka. Ana yayyafi, amma rigarsa a bushe take.

Baba ya ce, "Yauwa, Malam. Daga ina?"

"Daga nan."

Bakin tsohon ne ke motsi. Muryar kuwa daga cikin kwalbatin take fitowa, can ƙasa, kamar mai magana a cikin randa.

Tsohon ya ce, "Gayya ce?"

"Matata ce za ta mutu."

"Ba ita na tambaye ka ba. Gayya ce?"

Baba ya ce, "Gayya ce."

Tsohon ya ajiye kwando. Baba ya cika, aka ɗauke. Sai ga wani kwandon. Sai ga wani. Ya sunkuyar da kai, ya ƙi ɗagowa. Ƙafafu kawai yake gani suna kai da kawowa, sun fi ashirin. Dukkansu dunduniya a gaba, yatsu na kallon baya. Shi laka ta kai masa gwiwa, su kuwa a samanta suke tafiya, ko sawu ba sa bari.

Ayatul Kursiyyu ta zo masa har baki. Ya danne ta. Ya san in ya karanta za su watse, in sun watse Inna ta tafi. Wannan abin ya ci shi a rai har ya koma ga Allah.

Kafin la'asar ruwa ya koma ƙarƙashi. Hanya ta fito fes, ramukanta cike da tsakuwa.

Tsohon ya ce, "Ilu."

Baba bai faɗa masa sunansa ba.

"Ka shigo mana ɗaki da shebur ba sallama, mun ƙyale. Ka kira gayya, mun amsa. Ka san yadda ake yi a garinku."

"Na sani."

"Faɗa mini."

"Wanda aka yi wa gayya, shi ma yana zuwa ta wasu."

"To, mu ma muna da hanya, kuma tana toshewa. Kowane gida mutum ɗaya."

Baba ya ɗago kai. Ba kowa, sai kwaɗi da suka ci gaba da kuka.

Mota ta wuce. Aka haife ni kafin magariba ana tsuga ruwa, shi ya sa kuke ce mini Yaya Anaruwa. Inna kuwa ga ta can ɗaki tana minsharinta, alhamdulillahi.

Amma tun daga shekarar, duk ranar da aka yi babban ruwan farko, Baba zai kwanta lafiya ƙalau ya tashi da baƙar laka har gwiwa, tafin hannunsa duk ya saɓule. Wata irin laka mai sanyi, babu irinta a ƙasar nan. Sai ya yi mako ba ya iya miƙe baya. An sha rubutu, an yi hayaƙi, a banza. Malamin da aka je wa ya ce alkawari ne Baba ya ɗauka da bakinsa. Shekara ashirin da shida yana zuwa musu.

Shi ya sa nake faɗa muku, in kun ga kwalbati ya toshe, ku je ku faɗa wa manya. In an yi shela, ku fita tare da jama'a. Kada ɗayanku ya bi mashigin nan shi kaɗai, ko da rana ce, kuma kada ku amsa wa baƙo cewa gayya ce.

Me ka ce, Sabi'u? Tunda Baba ya rasu bara, ai magana ta ƙare? Ni ma haka na zata. Amma tsohon bai ce Ilu ba. Gida ya ce.

Shekaranjiya aka yi ruwan farko. Kawo hannunka, taɓa tafina ka ji. A hankali, da ciwo.

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye muku ba. Zan riƙe iya ƙarfina, har inda Allah ya nufa. Sai dai ni kaɗai Baba ya haifa, kuma zauren da nake fita, ta nan ku ma kuke fita.