Suzana ko Sausan

"Suzana? A jikata ta fari? Sai dai bayan raina!"

Umma ta dire kofin shayi har ya fantsama a kan tebur. Ɗanta, wanda kowa ke kira Injiniya, ya sunkuyar da kai. Matarsa na raɓe a bakin ƙofa rungume da jaririyarsu, hawaye na zuba.

Ya ce, "Umma, sunan mahaifiyar matata ne fa. Wajen haihuwarta ta rasu, ko fuskarta ba ta sani ba. Na yi mata alkawari tun kafin aure."

"Sunan Turawa ne! Ko ka canja, ko ka nemi wata uwar!"

Da Umma ta shige ɗaki, matar ta share fuska.

"Sori, Yaya, ni na ja maka. Ka bi maganar Umma. Na san zafin rashin uwa, ba zan raba ka da taka ba."

Idanunsa suka kaɗa.

Ana cikin haka Kawu, yayan Umma, tsohon malamin Larabci, ya shigo barka. Da ya ji abin da ake ciki, sai ya dubi jaririyar.

"Ikon Allah! Ƙanwata, zo ki ji. Larabawa na da sunan nan, Sausan suke cewa, sunan fure ne. Yahudawa su ce Shoshana, Farisawa Susan, Turawa Suzana. Masana na cewa tushensa Masar ta dā, inda suke kiran furen bado da shi."

Umma, da ta fito tana saurare, ta dafe ƙirji.

"Bado? Wanda muke tsinkowa a tafki muna yara?"

"Shi fa! Fure ɗaya, ya keta teku da sahara, kowane harshe ya lanƙwasa shi yadda bakinsa zai iya, har ya iso falonki."

Umma ta miƙa hannu, ta karɓi jaririyar, ta daɗe tana dubanta.

"Sausan... Suzana... Allah mai iko! 'Yata, kin bar wa Allah, ga shi ya yi miki magana. Ki yafe mini. Uwa kuma kin samu daga yau."

Matar ta durƙusa, ta kifa kai a cinyar Umma tana kuka.

Mai haƙuri shi kan dafa dutse. Kuma kafin ka ƙi abu don baƙo ne, tambayi asalinsa, wataƙila ɗan gida ne ya dawo daga tafiya.