Kawunan Lili a Cikin Bargon Baba

Baba, ka tuna kawunan furen lilin da ka sa a firij kafin a kai ka asibiti? Waɗanda Umma take ce wa tafarnuwar da ba ta shiga tukunya? Su ne shukarka ta ƙarshe. Ka ce kada a taɓa su, amma ba ka faɗi dalili ba.

Bayan rasuwarka na buɗe firij, na ga babu su. Umma ta ce ko kallonsu ba ta yi ba. Auta kuwa ta sunkuyar da kai, tana murza igiyar jakar makarantarta.

"Auta, ina suke?"

Ta ja hannuna zuwa ɗakinka. Ga su nan a ƙudundune cikin bargonka. Biyu sun ruɓe. Wasu sun fid da tsiro fari fat, siriri kamar zare.

Na ɗaga murya, ban san na ɗaga ba.

"Yaya, sanyi suke ji," in ji ta. "Kamar hannun Baba ranar nan."

Sai na durƙusa, na tattara su.

Ka san karatuna bai yi nisa ba. Washegari muka kai su wurin malamar kimiyyar su Auta. Ta matsa su ɗaya bayan ɗaya, ta ce sanyi shi ne barcin lili. Sai kan lilin ya yi makonni a cikin sanyi yake shirya fure a cikinsa. In an tashe shi da wuri, yakan yi ganye ya ƙi fure.

"Malama, na kashe su ke nan?" in ji Auta.

"Ba duka ba, 'yata. Ga uku masu tauri, ba su tsiro ba. Ki mayar da su da hannunki."

Auta ta zuba musu garin katako mai ɗan danshi. Ta sa su a firij tana kuka. Kullum kafin ta tafi makaranta sai ta leƙa, ta rufe da sauri.

Waɗanda suka tsiro a bargo muka shuka a lambunka. Suka yi ganye, babu fure ko ɗaya. Da lokaci ya yi muka shuka ukun. Suka fito, suka miƙe, amma shiru. Auta ta daina tambaya, ni ma na daina kallon idonta.

Jiya tana ba su ruwa ta ce, "Yaya, na gane. Tausayi kaɗai ba ya isa. Kafin ka taimaki abu, ka tambayi abin da yake bukata."

Baba, yau da safe na ɗaga ganyen shukar da ke tsakiya. Ga kan fure nan a dunƙule, kore, kamar hannun jariri. Auta tana makaranta, Umma tana wanki.

Ban faɗa wa kowa ba tukuna. Kai na fara faɗa wa.