Lissafin da Ya Ƙi Rufewa

Hantsi bai gama ɗagawa ba aka bugo waya komisariyar 'yan sandan Dogon Dutsi: an sace na'urar awon ƙasa a cibiyar koyon sana'a, kuma yau ce ranar jarrabawar ƙarshe.

Sufeto Abdulmajid ya tarar da ɗalibai cirko-cirko a inuwar itacen bedi. Can gefe wata budurwa na zaune a ƙasa ta rungume gwiwoyinta, idanunta sun kumbura. Ummuhani ke nan, shugabar aji, mai riƙe makullin magaza, ɗakin ajiyar kayan aiki. Da ya dube ta sai gabansa ya faɗi, don bai taɓa ganin tsoro ya cinye fuska haka ba.

Wata dattijuwa mai tabarau ta tare shi. Madam Sa'adatu ce, wadda aka turo daga Yamai ta yi musu jarrabawar.

"Sufeto, bayan la'asar zan kama hanya. Zan ari wata na'ura a ma'aikatar gona. Amma wadda ake tuhuma da sata ba ta shiga jarrabawata."

Ya kalli rana, ya kalli yarinyar. In la'asar ta yi ba a gano gaskiya ba, karatunta na shekaru ya tafi a banza.

Ƙofar magaza lafiya lau, ba a ɓalle ba. Akwatin na'urar ya ɓace, amma an bar ƙafafunta uku na katako jingine da bango. Ya durƙusa. Ɗaya ta kurje, sabon kurji, ga jar ƙasa ta maƙale a tsinin ƙarfen da ya ɗan lanƙwashe. Filin cibiyar kuwa farin rairayi ne.

"Wa ke da makulli?" ya tambaya.

"Ni da Ummuhani," in ji malamin awo, Mushe Munkaila, kamar yadda ake kiran malami da Faransanci, mutum mai fara'a, sanye da riga mai dogon hannu duk da zafin nan. "Wallahi zuciyata ba ta so in faɗa. Ɗiyar kirki ce. Amma kwanan nan lissafinta ya lalace, tana tsoron faɗuwa. In babu na'ura, ai babu jarrabawa."

Sufeto ya miƙa masa hannu. Da suka gaisa, malamin ya ɗan cije leɓe.

Ya koma wajen Ummuhani, ya tsuguna.

"Ƙanwata, mi ya sami lissafinki?"

"Ya ƙi rufewa, ranka ya daɗe." Ta ɗago kai. "Mukan fara awo daga turken siminti, mu zagaya fili, mu dawo kansa. Lissafi dole ya maido ka inda ka tashi. A da nawa yana rufewa. Yanzu in na gama sai in ga na sauka nesa da turken. Na sake, na sake, har na daina cin abinci. Mushe ya ce kaina ne ya toshe."

"Ke kika ɗauki na'urar?"

"Ni da nake roƙon Allah ya kai ni yau?"

Wani dogon saurayi, Yasir, ya yi gyaran murya daga bayansu.

"Shef, ba ita kaɗai ba ce fa. Dukanmu ne. Ni dai an saba, jaki ne ni tun fil'azal, amma Ummuhani? Tun bayan kasuwar Juma'a babu wanda nasa ya rufe. Har mun ce ko doguwa ce ta shiga turken."

Babu wanda ya yi dariya. Sufeto ya miƙe da sauri ya nufi Madam Sa'adatu.

"Madam, aji guda zai iya mance lissafi rana ɗaya?"

"Aji ba ya mancewa. Na'ura ce ke yin ƙarya, in ta sha ƙasa."

"Da kin gane?"

"Nan take. Ban taɓa fara jarrabawa ban gwada na'ura da hannuna ba. In auna abu guda, in juya idonta in sake aunawa. In ta bugu, awon biyu ba za su dace ba."

"Ɗalibai sun san kina haka?"

"Ina za su sani? Malamai dai sun sani."

An fara kiran azahar. Gumi ya jiƙe masa wuya. Ya zagaya bayan ajujuwa inda ake ajiye babura. Na Mushe Munkaila madubinsa ɗaya ya fashe, jar ƙasa ta cika ƙarƙashinsa.

Ya sa aka kira shi magaza.

"Mushe, naɗe hannun rigarka."

Malamin ya yi murmushin yaƙe, ya naɗe. Gwiwar hannun duk ɓawon ciwo.

"Ƙofar gidana na zame, cikin rairayi."

"Rairayin gidanku ja ne? Da ƙafafun na'ura kake shiga gida?" Sufeto ya ɗago ƙafar da ta kurje ya ajiye a gabansa. "Hanyar Matankari ce mai wagga ƙasa. In aika a tambayi wa aka yi wa awon fili ranar Juma'a, ko za ka hutar da ni?"

Fara'ar ta zube daga fuskar malamin. Ya zauna a kan benci.

"Wani ɗan kasuwa ne ya roƙe ni in auna masa fili. Na ɗauki na'urar ba da izini ba. A dawowa akuya ta gitta mini, na faɗi da babur. Na zaci ba ta bugu ba, sai da na ga lissafin yara. Na san Madam za ta gane. Na'urar tana cikin rumbun gidana, ƙarƙashin hatsi."

"Ka bar yarinya tana zaton kanta ya toshe, sa'annan ka ɗora mata sata."

Da aka fito da malamin zuwa mota, ya sunkuyar da kai bai dubi inuwar bedi ba.

Sufeto bai koma komisariya ba. Ya tsaya a bakin fili yana kallon Ummuhani ta kafa na'urar aro a kan turke. Ta zagaya, ta dawo, ta duƙa kan lissafi. Shi da bai san komai a awo ba, ya kasa ɗauke ido daga kanta.

Madam Sa'adatu ta leƙa ta saman tabarau, ta daɗe tana dubawa.

"Ya rufe," ta ce.

Ummuhani ta dafa turken siminti da hannu biyu, ta fashe da kuka.