Siririya Daga Yamai

Ranar da Yasin ya fara ganin Rufaida, wuce ta ya yi kamar iska. Yana bisa kekensa na tsere, mai jikin alminiyam da kai lanƙwasasshe kamar ƙahon rago, ita kuwa tana tafe a hankali bisa tsohon keken ƙarfe na mahaifinta, littattafan 'yan lakol, wato makaranta, ɗaure a baya. Bai yi nisa ba kwalta ta ƙare masa, ya sauka hanyar ƙauyen da ke bayan Cadakori, inda aka kira shi ya haɗa sola a lakol. Siraran tayoyinsa suka nutse cikin rairayi, dole ya sauko ya ɗauki keken a kafaɗa.

Can sai ga ta ta iso, ta yi masa sannu, ta wuce tana danne dariya.

A lakol ya tarar ita ce malamar ajin da zai sa wa fitila. Ta kawo masa ruwa, ta dubi keken da ya jingine ta ce, “Malam, kai ke hawansa ko shi ke hawanka?”

Yasin ya yi ta bayani, wai tayar tsere dole ta zama siririya don ta yi gudu a kwalta, wai da yatsa biyu ana ɗaga keken. Ta saurare shi har ƙarshe, sannan ta ce ita dai nata bai taɓa neman a goya shi ba. Aikin yini ɗaya ne, amma sai da ya sami dalilin komowa sau uku.

Daga nan saƙonni suka fara yawo tsakanin Gidan Rumji, garin su Yasin, da ƙauyen. Ita tana ce masa Ɗan Iska-na-gudu, daga baya ta taƙaita zuwa Guguwa. Shi kuma yana ce mata Natsuwata.

“Natsuwata, yau na je Tibiri na komo kafin hantsi. Ko'ina na duba gefen hanya sai in ga kamar ke ce da littattafanki.”

“Guguwa, ka dinga duban gabanka. Ina son ka da haƙoranka cikakku.”

Da maganar ta kai kunnen mahaifinta, Malam Mudi, sai ya ce a'a, kuma bai ɗaga murya ba. Mutane suka ɗauka saboda ɗamammen wandon tsere ne, ko saboda Abdulhadi, ɗan kasuwar hatsin da ke zuwa da sabon babur yana gaishe shi. Rufaida kaɗai ta san dalilin. Yayanta Tahiru a kan keke ya rasu, shekarun baya, ranar da aka yi ruwa birki ya ƙi kamawa a gangare, ga babbar mota tafe. Tun daga lokacin tsohon ba ya son ganin yaro yana gudu.

Ana cikin haka Abdulhadi ya kawo wani labari. Ya ce da kunnensa ya ji Yasin a wurin mai shayi yana faɗa wa abokansa cewa akwai wata siririya baƙa da yake jira daga Yamai, ba ta da nauyi, wanda duk ya gan ta sai ya waiga, kuma ya daɗe yana mafarkinta. Abdulhadi bai ƙara ko kalma ba, abin da ya ji ya faɗa.

Rufaida ta shiga ɗaki ta yi kukanta, ta rubuta masa: “Allah ya ba ku zaman lafiya kai da ta Yamai. Kar ka sake nemana.”

Ya kira, ba ta ɗauka ba. Ya rasa laifinsa, har sai da Munira, ƙawarta da suke koyarwa tare, ta tare shi a kasuwa ta zazzage masa. Yasin ya tsaya baki buɗe, sannan ya zaro salula ya nuna mata hoto. Baƙin keke ne na kabon, abin da ya fi alminiyam rashin nauyi, wanda wani abokinsa na Yamai ya yi alkawarin sayar masa. Munira ta yi dariya har ta dafa buhun gero.

Da yamma saƙo ya shigo: “Guguwa, na ji kunya. Amma kai ma wa ya ce ka dinga yabon ƙarfe kamar mace?”

“Ba ƙarfe ba ne, kabon ne. Kuma na fasa saye. Ke nake jira.”

Saura Malam Mudi. Bayan kawun Yasin ya je sau biyu, tsohon ya ce yaron ya zo da kansa ranar kasuwar Gidan Rumji, da kekensa, su tafi tare. Sharaɗi ɗaya ne: kada tayarsa ta gaba ta wuce tayar tsohon ta baya.

Yasin ya cire siraran tayoyinsa ya sa masu ɗan faɗi, ya rage musu iska don su zauna bisa rairayi. Ya iso da safe cikin doguwar riga da hular kwano. Suka kama hanya. Malam Mudi yana taka feda kamar mai lissafin tasbaha, amalanken jaki ma sai da ya wuce su. Da suka hau kwalta, hanya ta miƙe fetal, ƙafafun Yasin suna ƙaiƙayi, wasu samari bisa babur suka yi masa ba'a. Ya riƙe birki ya bi bayan tsoho. A nan ne ya lura, a karon farko, cewa tayoyin nan masu faɗi ba sa jijjiga masa hannu da baya, kuma geron bana ya yi kyau a gefen hanyar da ya sha bi bai taɓa kallo ba.

A kan wani gangare Malam Mudi ya tsaya ya sauka. Ya daɗe yana duban wurin kafin ya ce nan ne. Ya ba shi labarin Tahiru a taƙaice, sannan ya tambaye shi ko zai bar tsere idan aka ba shi Rufaida.

Yasin ya san amsar da za ta yi masa sauƙi. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Baba, in na ce zan bari na yi maka ƙarya, kuma ba na son in shiga gidanka da ƙarya. Amma ba zan hau ba hula ba, ba zan hau keken da ban gwada birkinsa ba, kuma ba zan yi rige-rige da mota ba.”

Tsohon ya matso ya duƙa yana kallon faifan ƙarfen da ke tsakiyar tayar. Yasin ya ce masa birkin ke nan, ba gefen taya yake kamawa ba, don haka ko an yi ruwa yana riƙewa. Malam Mudi ya matsa hannun birkin, ya tura keken, keken ya ƙi motsi. Ya sake gwadawa. Idanunsa suka kawo ruwa.

“Da a ce irin wannan ke gare shi,” ya faɗa a hankali. Ya share fuska da hannun riga, ya hau kekensa. “Taho nan kusa da ni. Suruki ba ya tafiya a baya kamar bara.”

Bayan an gama girbi aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Mudi. Abdulhadi ma ya zo, ya kawo buhun shinkafa ya nemi gafara. Da la'asar aka ɗauko amarya, abokan tseren Yasin daga Maraɗi da Tibiri suka jeru gaban motar su goma sha, yara suna bin su a guje.

Kafin motar ta tashi, Malam Mudi ya leƙa ta taga. Ya kama hannun ɗiyarsa, ya sa cikin na Yasin da ke tsaye a gefe, ya ce Allah ya yi musu albarka, ya ba su zuri'a ta gari, ya sa duk wanda ya fita a cikinsu ya komo ya tarar da ɗan'uwansa lafiya. Jama'a suka ce amin. Ƙarƙashin lulluɓi, Rufaida ta ƙara matse hannun mijinta.