Saƙon Ƙarfe Bakwai

Kwamfutar laburaren jami'a ce ta haɗa su. Malamin kwamfuta ya zo aron littafi, ya tarar ta ƙi tashi, ma'aikaciyar kuma tana ta danna maɓalli. Ya zaro sukundireba daga aljihu, ya buɗe bayan injin, yana bayani da ƙarfi.

"Malam, shiru," ta ce. "Laburare ne."

Tun daga ranar yake kiranta Shiru. Ita kuma ta sa masa Mai Waya, don jakarsa ba ta rabo da wayoyin caji.

Kullum ƙarfe bakwai na safe saƙonsa ke shigowa. "Ina kwana, Shiru. Ki karya kafin ki fita, littattafan ba gudu za su yi ba." Sau biyu take karantawa kafin ta sa takalmi.

Babanta, tsohon direba, bai gamsu da shi ba. "Ya zo gaishe ni, ya ɓige da gyaran rediyo. Ko sau ɗaya bai kalli idona ba." Hankalinsa ya fi kwanciya da wani likita, ɗan abokinsa.

Wata Talata da safe Baba ya yanke jiki ya faɗi. Ƙarfe shida da minti arba'in ta rubuta: "Baba ya faɗi, ba ya magana. Muna asibiti."

Ƙarfe bakwai amsa ta zo: "Ina kwana, Shiru. Yau ranar dariya ce. Ki gaida Baba, ki ce rediyonsa na kewata."

Tana zaune a bencin asibiti ta koma saƙonnin baya. Ɗari biyu da goma sha ɗaya ne, kowanne bakwai daidai.

Sai azahar Mai Waya ya iso. Ya kwance wayarsa tun jiya zai canza batir, bai ga saƙonta ba.

"To wa ya turo na safe?"

"Wata 'yar manhaja na haɗa a kwamfuta. Amma ni nake rubutawa, wallahi. Ranar Lahadi nake shirya na mako guda."

"Wato ranar Lahadi kake sona."

"Tsoro nake kar wata rana in manta."

"Da ka manta ɗin. Ka tafi, Malam."

Ba ta taɓa ce masa Malam ba tun ranar laburare.

An sallamo Baba da shanyewar ɓarin jiki, harshe ya ɗauke. Likitan yana zuwa duk Asabar, Mama kuma ta fara zancensa a fili. Shiru ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ƙarfe bakwai takan kife wayarta a kan gado, ko da yake ta san babu abin da zai shigo, don saƙon safe ya daina zuwa.

A wata na biyu malamin ya zo da rana, lokacin tana wurin aiki. Ya kawo tsohuwar waya mai faɗin allo, da manyan maɓallai huɗu masu magana in an danna: ruwa, ciwo, e, a'a. Baba ya dube shi, ya danna a'a.

Washegari malamin ya dawo. A'a. Mako uku suka yi a haka. Da ya ga maɓallai huɗu ba su isa ba, sai ya riƙa ajiye jakarsa a ƙofa, ya zauna yana kallon fuskar tsohon, don ya gane abin da yake son faɗa. Aka ƙara "rediyo", aka ƙara "ku rage surutu".

Saƙonni suka dawo, amma ba tsayayyen lokaci. Wani bakwai da rabi, wani goma saura. Ba ta amsa ko ɗaya ba. Wata Laraba babu komai har la'asar, sannan: "Yau na rasa abin faɗa. Tun safe nake riƙe da wayar."

Ta daɗe tana kallon saƙon a bayan kantar laburare. Ta rubuta: "Ka makara, Mai Waya."

Da yamma Mama ta sake kawo zancen likita a gaban Baba. Ya danna a'a.

"To malamin fa?" in ji Mama.

Baba bai taɓa allon ba. Ya juya ido ga 'yarsa, ya jira. Ta sunkuyar da kai, ta ce, "Shi ne, Baba."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Da aka kawo su gabansa, angon ya matso da wayar. Ya riga ya ƙara maɓallin sa albarka. Baba ya ture ta da hannunsa mai lafiya. Ya buɗe baki, ya tsaya, ya sake farawa.

"Allah... ya yi... muku albarka."

Ya kusa minti guda yana faɗa. Babu wanda ya ƙarasa masa.