Ragowar Dankali a Hannun Amarya

Kwana goma sha ɗaya ke nan da kawo Nimra gidan surukinta Kayyum Sahib, a wani lungu na tsohon birnin Lahore, amma ko ruwan shayi ba ta taɓa ɗorawa ba. Sai ranar Juma'a za a tara dangi, amarya ta sa hannu a tukunyar kir, shinkafa da madara da sukari, domin abin da ta fara dafawa a gidan miji ya zama mai zaƙi. Kafin wannan rana, murhu ba nata ba ne.

Zaman ya ishe ta. Ta ninke mayafanta, ta warware, ta sake ninkewa. Ta leƙa taga, ta dawo ta zauna, ta duba lallen hannunta da ya fara koɗewa, ta kuma miƙewa. Yarinyar da ta yi shekara bakwai tana ciyar da ƙanne huɗu tun rasuwar mahaifiyarsu ba ta san yadda ake zama da hannu biyu a kan cinya ba.

Ranar Laraba da azahar uwar mijinta, Ammi Nuzhat, ta yafa mayafi za ta kasuwa sayayyar biki, tare da Gwaggo Shamim, yayar maigidan, wadda ta zo kwana uku ta yi wata guda.

"Na yi wa Abbunku allurar sukarinsa, ya hau sama da abincinsa," in ji Ammi. "Ke dai ki huta, 'yata."

"Ki huta fa!" Gwaggo ta ƙara. "Amarya ado ce, ba kuku ba."

Ba su yi awa guda da fita ba Nimra ta ji ƙarar bokiti yana gangarowa a kan matakala. Ta haura da gudu. A saman bene, gefen akurkin tantabarunsa, ta tarar da Abbu, uban mijinta, zaune a ƙasa ya jingina da bango, gumi ya jiƙa masa riga, hannunsa na rawa. Kwanon abincinsa wayam, tantabaru na tsattsagar sauran ɓurɓushin gurasa.

"Abbu! Ba ku ci ba?"

"Wata baƙuwar tantabara ce... fara, mai baƙin wuya... ta shigo cikin nawa," ya ce da ƙyar. "Na ce bari in sauko da ita tukuna."

Duk gurasar ya marmasa mata, miyar kuma bokiti ya kifar. Nimra ta dama ruwan sukari ta ba shi, ta riƙo shi suka sauko a hankali. Rawar ta lafa, amma ta san ruwan sukari ba ya riƙe mai allura. Ta buɗe firij: ƙwai biyu, busasshen burodi, da ɗan kwano na barta, dakakken dankalin turawan da ya rage jiya.

Gaskiya ita ce, da ta miƙa masa shi da sanyinsa, da ya ci, da magana ta ƙare. Sai dai ba a koya mata ta ba babba ragowa mai sanyi ba, kuma kwana goma sha ɗaya hannun nan yana mata ƙaiƙayi. Ta kunna gas.

Ta murmushe burodin cikin dankalin don ya shanye ruwansa, ta yanka albasa ƙanana da ɗanyen barkono da na'ana'a, ta fasa ƙwai ɗaya. Ta shafa mai a tafin hannu, ta mulmula, ta danna kowanne ya yi faɗi. Sai da man ya yi zafi sosai ta jera su a kasko, ta kuma ƙyale su. Mahaifiyarta ta sha gaya mata, tiki, wato irin wannan soyayyen dankali, ba ta son gaggawa, wanda ya juya ta kafin ta yi ɓawo shi zai kwashe ta a warwatse. Guda shida suka fito, jajaye, masu ƙaras-ƙaras. Abbu ya ci biyar bai ɗaga kai ba.

Da idonsa ya washe sai tsoro ya shige shi.

"'Yata, ki rufa min asiri. Nuzhat ta rantse, ranar da na sake faɗuwa a saman nan, ranar za a kai tantabaruna kasuwa. Shekara arba'in ina tare da su. Kada ki gaya wa kowa. Ko mijinki Shehryar."

"Ba zan faɗa ba, Abbu."

Ya sa hula ya sulale masallaci tun ba a kira la'asar ba.

Ƙamshin soyayyen mai ba ya ɓuya. Gwaggo Shamim ce ta fara shaƙa tun daga zaure, ta yar da ledojin hannunta ta yi kicin. Ta fito riƙe da faranti, tiki ɗaya a kai, kamar wadda ta kama ɓarawo.

"Innalillahi! Nuzhat, zo ki ga! Girkin farko, da ragowar jiya! Ga gishiri, ga barkono! Wannan gida kuma ina zai ga zaƙi?"

Ammi ta tsaya, fuskarta ta canza. "Wa ya kunna wuta?"

"Ni ce, Ammi."

"Wa kika soya wa?"

Nimra ta sunkuyar da kai.

"Yunwa muke barin ki da ita? Mutum talatin na gayyata! In tsaya gabansu in ce wannan ne girkinki na farko, alhali na san ƙarya ne?"

"Ai na faɗa tun farko," Gwaggo ta ce tana gyara zama, "wadda ta tashi ba uwa, wa zai gaya mata abin da ake yi da wanda ba a yi?"

Wannan ce ta soki Nimra. Hawaye ya zubo mata, amma bakinta bai buɗe ba.

Shehryar ya dawo daga shagonsa na gyaran waya gab da magariba, ya tarar an riga an yanke hukunci: an fasa taron Juma'a, gobe da safe ya mayar da ita gidan mahaifinta ta zauna har zuciya ta huce. Abbu yana zaune a kusurwa, jarida ta rufe masa fuska. Shafi ɗaya yake karantawa tun dawowarsa.

A kan matakala Shehryar ya tare ta, yana hawa ɗaya yana sauka ɗaya.

"Nimra, siriyos? Kwana biyu kacal ya rage fa! Kwana biyu! Me ya kai ki?"

"Sori."

"Ba sori nake nema ba, dalili nake nema. Ke da ko barkono ba ki cika so ba, za ki soya tiki shida ki cinye biyar? Ni fa ba yaro ba ne."

"Akwai dalili. Ba nawa ba ne, shi ya sa ba zan iya ba ka ba."

"Ko ni?"

"Ko kai. Ka yarda da ni haka nan, ko kuwa sai da rasit?"

Ya dube ta ya daɗe. Shekara biyu ya yi yana roƙon Ammi kafin ta yarda ta je neman auren nan, Gwaggo tana gefe tana tallata masa 'yarta. Ya san abin da tafiyar gobe take nufi. Amaryar da aka mayar gida kafin kir, ko ta dawo, labarin ba ya dawowa tare da ita, yana nan yana yawo a bakin dangi har jikoki.

Ya sauka ya durƙusa gaban mahaifiyarsa. "Ammi, ba zan yi miki musu ba. Kin ce in kai ta, zan kai ta. Amma ni ma can zan zauna har ranar da kika ce mu dawo."

"Ka ji ko!" Gwaggo ta tafa hannu. "Kwana goma sha ɗaya, har an shanye shi!"

Jaridar Abbu ta motsa kaɗan, ta koma yadda take.

Da safe riksho, keke mai ƙafa uku, ya tsaya a bakin lungu. Nimra ta fito da ƙaramar jaka, idanunta sun kumbura. Ta gaida Ammi, ta gaida Gwaggo, sannan ta zo gaban Abbu ta sunkuyar da kai domin ya dafa mata, kamar yadda babba ke yi wa 'yar da za ta fita. Ba ta dube shi ba, ko da wutsiyar ido. Da ta dube shi da roƙo, wataƙila da ya daure. Rashin kallon ne ya karya shi. Hannunsa ya sauka a kanta ya kasa tashi.

"Nuzhat," ya ce, "ni na ci."

"Ka ci me?"

"Tikin. Biyar na ci. Da ba don kunya ba da na cinye ta shidan." Ya ajiye jaridar. "Faɗuwa na yi a sama. Abincina tantabaru na ba. Yarinyar nan ce ta sauko da ni, ni kuma na ɗaure mata baki, na zauna ina kallo ana yanka ta."

Ammi ta dafa kujera ta zauna.

"Ka faɗi? Kai kaɗai a sama, da allura a jikinka?" Sai kuma muryarta ta tashi. "Tsoho da kai, furfura har gira, ka ɓuya bayan amarya saboda tsuntsu! Yau ɗin nan za su bar gidan nan!"

"To, ai ko ma dai mene ne, al'ada..." Gwaggo ta fara.

"Yaya Shamim, don Allah!" Ammi ta katse ta. "Girkinta na farko shi ya riƙe min miji da ransa. Ki faɗa min kir ɗin da ya kai wannan zaƙi."

Ta miƙe ta karɓe jakar daga hannun Nimra da kanta. Ba ta ce a yafe mata ba, Ammi Nuzhat ba ta iya wannan kalmar ba. Cewa ta yi, "Shehryar, sallami mai rikshon nan, ya tsaya mana a ƙofa kamar gidan makoki."

"Ammi," Nimra ta ce a hankali, "tantabarun..."

"Har yanzu kare shi kike?"

"In sun tafi, shirun da na yi ya tashi a banza ke nan."

Ammi ta harari mijinta. "Sun ci darajarki. Amma daga yau a gabanki zai ci abincin rana, a ƙasa, sai kin ga bayan kwano sannan ya hau."

Ranar Juma'a aka yi taro, Nimra ta juya kir a gaban mutum talatin, aka ci aka sa albarka. Gwaggo Shamim ta tuna tana da uzuri a gida, ta tafi ranar Asabar. Tun daga lokacin, duk ranar da Ammi za ta yi barta sai ta ƙara dankali uku a tukunya, ta ce wai hannunta ne ya zarce.

Haka lamarin yake. Wanda ya riƙe amana ya yi haƙuri, ko bakinsa bai kare shi ba, gaskiya za ta tashi ta yi magana a madadinsa. Mijin kirki kuma shi ne wanda ya tsaya da matarsa tun kafin a kawo masa hujja, bai kuma ɗaga wa mahaifiyarsa murya ba.