Tsarabar Girona

Gab da magariba Sadiyya ta sauko daga hawa na uku don ɗauko wasiƙu. Jiya-jiya ta dawo gida Germantown, a Amurka, daga taron likitoci a Girona, wani gari a yankin Kataloniya. Martina, abokiyar aikinta haifaffiyar can, ita ta rubuta mata wuraren cin abinci, ta kuwa bi su kaf: burodi mai shafin tumatur da man zaitun, kifi da dankali cikin romo, sai wani ɗan gidan abinci a lungun bakin kogi, daren ɗaya ga Nuwamba.

A can ta ga tebur a kusurwa, da kyandir, da kujera ba kowa, da faranti cike da dunƙule-dunƙulen alawar almon, mai kama da ta gyaɗa. Har aka fara rufewa ba wanda ya taɓa. Ta ɗauka kyautar baƙi ce. To, Bahaushiya da tsaraba, ga kuma sabo da al'adar Amurka ta kwashe sauran abinci a kwali. Ta juye su tas don Inna, mahaifiyarta mai son zaƙi da suke zaune tare.

Tana gaban akwatin wasiƙu Martina ta kira ta a waya. Sadiyya ta ba ta labari tana dariya. Martina ba ta yi dariya ba.

"Wannan farantin na mamatan gidan ne," ta ce ƙasa-ƙasa. "Sau ɗaya a shekara ake ajiye musu. Wani ya ci?"

Sadiyya ta saki wasiƙun ta hau bene da gudu.

Tun daga ƙofa ta ji warin jiƙaƙƙiyar ƙasa da hayaƙin kyandir. Falon sanyi ƙalau. Inna na zaune a tebur, kwalin a buɗe gabanta, tana tauna.

Kujerar da ke fuskantarta ta ja baya da kanta. Ƙiii.

Katifar kujerar ta lotsa.

"Inna, tofar," Sadiyya ta raɗa. "Don Allah ki tofar."

"Na riga na haɗiye," in ji Inna, idonta a kan kujerar. "Baƙuwar nan ta ce tun bara take jira."

Numfashi mai sanyi ya sauka a wuyan Sadiyya. Ayatul Kursiyyu ta kakare mata. Ta fizgi hannun Inna, suka fice ko takalmi babu. A bayansu ana tauna, a hankali.

Washegari da suka dawo, suka tarar da kwalin wayam. Sun bar gidan, sun koma wani gari, Woodbridge, amma a banza. Duk abin da aka zuba wa Inna, ko tuwo ko kunu, in ta kai baki sai ta ce ba ta jin komai, kamar ta tauna auduga. Ci take, rama take. Sadiyya likita ce, ba gwajin da ba ta sa an yi ba, kuma ta san laifin nata ne.

Ran nan ta durƙusa tana roƙonta ta ƙara ko loma ɗaya. Inna ta tura farantin gefen da ba kowa.

"Bar ta ta ci, 'yar nan. Ni na fara cin nata."